Wa Ya Shayar da Maɗacin Bakin Layi Guba?

Reshen ya faɗo ne da hantsi, ba iska, ba hadari. Baba Mai Agogo yana zaune inda ya saba zama, a ƙarƙashin babban maɗacin da ke bakin layi, ya sunkuya a kan wani agogon hannu da ya buɗe, sai mutane suka ji ƙara kamar an ɓalle ƙofa. Kafin su iso teburinsa ya rabe biyu, agoguna sun watse cikin ƙasa, shi kuma yana kwance jini na bin bayan kunnensa.

Sai da aka tafi da shi asibiti sannan mutane suka ɗaga kai da kyau. Gefe guda na itacen ya bushe ƙayau. Kowa ya daɗe yana ganin ganye na zuba, kowa ya ɗauka ciwon itace ne da zai wuce. Wata mata ta leƙa bayan gindin, ta hango ramuka a jikinsa an toshe su da laka. Da aka zura sanda aka ɓanɓare ɗaya, wani wari mai hawa kai ya buso.

A garin doka ce: duk itacen da mutum zai runguma hannuwansa su kasa haɗuwa, ba a sare shi, ba a datse masa babban reshe sai da izinin ofishin kula da itatuwa, ko da a tsakar gidanka ya tsiro. Ofishin kuwa ba ya ba da izini sai itace ya mutu, ko ya karkata zai faɗi. Wanda ya kashe itace da gangan kotu ce za ta raba shi da hukuma. Wannan maɗacin ko mutum uku ba su rungume shi. Shi ya sa kafin rana ta take tsaka ofishin ya turo Mai Sawu.

A gandun daji ya yi ƙuruciyarsa, yana bin sawun masu farautar sata. Da shekaru suka ja aka dawo da shi gari. Siriri ne, ba ya son magana in yana tafiya, kullum idonsa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Sunan ya manne masa har matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

*

Ba a gindin itacen ya tarar da jama'a ba. A tsallaken titi suka yi cincirindo, a ƙofar shagon Kafinta. An riga an fasa gilashin taga. Wani kofur ɗin 'yan sanda ya tokare ƙofar da jikinsa, gumi ya jiƙa masa riga.

Ciyaman, wato shugaban ƙungiyar mazauna layin, ya tari Mai Sawu da wani ƙarfe mai murɗi a hannu, irin wanda kafintoci ke juyawa su huda katako.

"Ka zo a makare, yallaɓai, mun gama maka aikin. Ga abin da aka huda itacen da shi. Nasa ne. Dubi garin da ya maƙale a jiki, ja ne, na maɗaci."

Mai Sawu ya karɓa, ya murza garin a yatsunsa, ya kai hanci. Na maɗaci ne, kuma ɗanye.

"A ina kuka same shi?"

"A rataye a ƙusa, bakin ƙofa."

"Ta ciki ko ta waje?"

Ciyaman ya nuna ƙusar. "Ta waje. Amma dai nasa ne."

A cikin shagon Kafinta yana zaune kan benci. Ƙato ne, kafaɗarsa ta kusa cika faɗin ƙofa, leɓensa a fashe. Matarsa na tsaye a bayansa da tsohon ciki, ta dafa shi da hannu biyu kamar mai hana shi tashi.

"Ɗan'uwa," in ji Mai Sawu, "an ce ka taɓa cewa itacen nan zai yi ƙofofi masu kyau."

"Na faɗa, don gaskiya ce. Kafinta ne ni, haka idona ke ganin itace. Amma wanda aka kashe a tsaye da guba, tsagewa yake yi. Ko kujerar tsuguno ba zan yi da shi ba."

"Wa ke aron wannan ƙarfen?"

"Ka ce wa ba ya aro. Da na tare a layin nan ban san kowa ba, sai na ce bari in rataye kayan aro a waje, mai so ya ɗauka ya mayar, ko ma saba." Ya taɓa leɓensa. "To ga sabon da muka yi."

Matar ta yi magana a hankali, idonta a kan tagar da aka fasa. "Sun ce in Baba bai tashi ba za su ƙone shagon. Mu kuwa a sama muke kwana."

Da zai fita Kofur ya riƙo hannun rigarsa ya raɗa masa: "Ni kaɗai aka turo. In labari mara daɗi ya zo daga asibiti, ba zan iya tare su ba."

"Riƙe min su zuwa la'asar," in ji Mai Sawu.

*

Ya koma gindin maɗacin, ya roƙi mutane su ja baya. Ta gaba babu abin karantawa, ƙafafu sun tattake komai. Amma ta baya, tsakanin itacen da katanga, wani ɗan tsukin wuri ne da ba kowa zai shiga ba. Shi da yake siriri sai da ya juya a kaikaice ya riƙe numfashi, duk da haka ɓawon itacen ya yage masa aljihu.

Ramukan suna ƙasa-ƙasa, dab da saiwa. Waɗansu sun daɗe, lakarsu ta tsattsage, ɓawon gefensu ya yi baƙi. Waɗansu kuwa lakar ba ta gama bushewa ba. Ke nan ba aikin rana ɗaya ba ne, mai yin ya daɗe yana zuwa yana komawa. A ƙasa mai laushi, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba, akwai gurbin gwiwoyi biyu, ƙanana, kusa da juna. Ya tuna kafaɗar Kafinta, ya girgiza kai.

Da ya fito bai miƙe tsaye ba. Ya tsuguna yana duban ciyawar da ta tsiro a bakin kwata. Koriya ce shar, sai wani ɗan wuri kamar faɗin murfin kwalba da ya yi rawaya. Gaba kaɗan ga wani. Gaba kuma, wani. Ya san halin maganin kashe ciyawa: ranar da ya ɗiga ba a ganin komai, sai an kwana biyu ciyawar ke tona asiri. Ɗigon bai tsallaka titi wajen shagon Kafinta ba. Cikin layi ya nufa.

Bai kai ga binsa ba wata mota ta tsaya a bayansa. Mai Bene ne, mai gidajen haya, wanda fegin da ke jikin itacen nasa ne. Tun kafin ya fito mutane suka fara ƙus-ƙus, don kowa ya san ya daɗe yana son jera shaguna a wurin.

"Na ji ana kiran sunana, shi ya sa na zo da ƙafata," in ji shi. "Tambaye ni a gaban kowa."

"Kana son a kawar da itacen nan, ranka ya daɗe?"

"Ina so. Da hannuna na nemi izini, kuka hana. Amma kai ma'aikacin ofishin ne, faɗa wa mutanen nan abin da dokarku ta ce game da wurin da aka kashe itace da gangan."

"Ba a ɗora ko bulo ɗaya a iyakar inuwarsa sai an yi shekaru."

"To kun ji. Lauyana ya karanta min wannan tun bara, na haƙura, har na sa an sake zanen ginin ya kauce wa itacen. Yanzu wanda ya yi wannan aika-aika ya ɗaure min hannu. Ni aka cuta." Ya gyara hularsa. "In neman mai jin haushin itacen nan kake yi, tambayi mai wannan katangar. Ranar da ba ta tsine masa ba, to ba ta da lafiya."

*

Ɗigon ya bi gefen kwata, tazararsa gajera, irin takun wanda ke ɗauke da abu mai nauyi a hannu ɗaya. Mai Sawu ya bi shi a duƙe har tsakiyar layi, inda famfon jama'a yake. A nan ya ƙare. Ciyawar da ke bayan famfon ta ƙone gaba ɗaya, alamar nan ake ɗauraye abin da aka ɗebo maganin da shi. Gefe kuma ga ɗan ɗakin kwano inda ƙungiya ke ajiye tsintsiya da shebur da jarkar maganin feshin kwata. Ƙofar ba ta da ko kwaɗo. Ya ɗaga jarkar, ya ji ta sakayau.

Ƙofar da ta fi kusa da famfon ta Tela ce, mai katangar da aka ambata. Tsohuwa ce 'yar firit, tana zaune a bakin ɗaki tana juya keken ɗinki na hannu. Mai Sawu ya dubi jikinta, ya tuna tsukin bayan itacen.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

"Yauwa. Na san za ka zo. Mai Bene ya turo ka ko? Shigo ka gani."

Ta nuna masa bangon ɗakinta na baya. Tsaga ce tun daga ƙasa har rufi, an cusa mata tsummoki.

"Saiwarsa ce. In ana ruwa a zaune nake kwana. Kuma kar ka wahalar da kanka, ni zan faɗa maka: na taɓa zuba masa tafasasshen ruwa da gishiri, da rana tsaka, ina zaginsa kowa na ji. Ko a jikinsa. Washegari ma sai na ga kamar ya ƙara kore."

"Kin taɓa shiga bayansa ki durƙusa?"

Ta yi dariya mara daɗi, ta ɗage zaninta kaɗan. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. "Ɗan nan, ko salla a zaune nake yi. In na durƙusa sai an kawo maza biyu sun ɗaga ni."

Ya nemi gafara zai tashi, ta ce ya zauna tukuna.

"Kai kana neman mai jin haushin itacen nan, ai layin gaba ɗaya za ka kama. Ka ga yadda saiwarsa ta cinye rabin hanya? Mota ba ta shigowa. Bara Iya, matar Mai Agogo, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Motar asibiti ta zo da wuri, amma a bakin layi ta tsaya, ta rasa hanya. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko ta tun daga ƙarshen layi. Kafin a kai ta motar rai ya yi halinsa." Ta ja zare ta tsinke shi da haƙori. "Bayan nan Ciyaman ya nemi a sare, ofishinku ya ce itace lafiyarsa ƙalau. Mutum ɗaya ne bai taɓa faɗin mummuna a kansa ba, shi ne Mai Agogon da kansa. Cewa ya yi ranar da za a sare a haɗa da shi. To ga shi itacen ya saka masa."

*

Gidan Baba Mai Agogo shi ne na ƙarshe a layin. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, wadda ake kira Malama saboda tana koyarwa a firamare. Ita kaɗai gare shi. Daga asibiti take, ta zo ɗaukar masa kayan sawa, jininsa na nan a bakin hannun rigarta.

"Yaya mai jikin?"

"Bai farka ba. Likita ya ce a jira."

"Allah ya tashi kafaɗunsa. 'Yata, ko ya taɓa ce miki ya ga wani yana shawagi a bayan itacen?"

"Bai taɓa ba."

"Yana da abokin faɗa?"

"Baba? Ko agogon da ya ƙi tafiya lallashinsa yake yi."

Tana magana tana ninke riga a kan tabarma. Mai Sawu ya bi tsakar gidan da ido. An share ta tas. A jikin bango an jera furanni cikin tsofaffin gwangwanayen fenti. Na farko-farkon, wajen ƙofa, sun mutu, ganyensu ya nannaɗe ya yi rawaya. Na tsakiya sun yi yaushi. Na can ƙarshe kuwa koraye ne, har ɗaya ya yi fure.

"Na Iya ne," in ji Malama da ta ga yana kallo. "Tun da ta rasu ni ke ba su ruwa. Ba ni da hannun shuka."

"Ta wane gefe kike fara ba su?"

Ta ɗaga hannu ta nuna na bakin ƙofa. Hannun ya tsaya a haka, ba ta sauke shi da wuri ba.

A jikin ƙusa akwai butar ban ruwa ta ƙarfe, mai dogon baki siriri. Mai Sawu ya sauko da ita, ya cika ta a bokiti, ya taka a hankali a kan busasshen siminti. A gindin bakin butar, inda aka yi walda, ruwa ya taru. Duk taku ɗaya sai ɗigo ɗaya ya faɗi.

Mai Sawu ya juye ruwan a makwarara, ya sa butar a cikin wani buhu da ke gefe, ya ɗaure bakin.

"Zan ari wannan. Da la'asar zan tara mutane a bakin famfo." Ya tsaya a ƙofa, bai juyo ba. "Matar Kafinta cikinta wata tara. An ce musu za a ƙone shagon, kuma a samansa suke kwana."

Malama ta warware rigar da ta riga ta ninke, ta sake ninkewa.

"Na ji," ta ce.

*

Da la'asar layin ya cika. Kofur ya kawo Kafinta da matarsa, ya tsayar da su a jikin bango. Mai Bene ya jingina da famfo, Tela tana kan kujerar da aka fito mata da ita. Daga asibiti har yanzu shiru. A bayan taro akwai wani mutum riƙe da galan, kuma ba ruwa ne a ciki ba, kowa na jin warin fetur. Malama ta tsaya can gefe da jakar kayan mahaifinta a hannu, mata na yi mata sannu.

Mai Sawu ya ajiye buhun a gabansa. Bai ɗaga murya ba, har sai da na baya suka yi shiru don su ji.

"Wanda ya huda itacen nan ta baya ya shiga, ya durƙusa. Ni da kuke gani sai da aljihuna ya yage. Ku dubi Kafinta, ku faɗa min ta ina zai shiga. Ƙarfen nasa ne, amma a waje yake rataye, kuma ban ga gidan da bai taɓa aronsa ba. Mai Bene asara ya yi, ba riba ba. Gwaggo za ta iya shiga, amma ba za ta iya durƙusawa ba. Maganin na ƙungiyarku ne, daga ɗakin can. Abin da aka ɗebe shi da shi yana yoyo, ya bar ɗigo a ciyawa tun daga nan har gindin itacen. Ku duba ƙarƙashin ƙafafunku."

Mutane suka sunkuya. Waɗansu suka ja da baya kamar ɗigon zai ƙone su.

"Duk mun ji," in ji Ciyaman. "Amma Baba yana can tsakanin rai da mutuwa. In ba ka da suna, mu muna da shi. Ƙato ba ya aiken siriri ne?"

Aka ɗauki hayaniya. Wani dutse ya wuce ta saman kan Kofur ya bugi bango, dab da kafaɗar matar Kafinta. Kafinta ya shiga gabanta. Mai galan ya fara kutsowa.

Mai Sawu ya tsuguna ya ɗora hannu a kan buhun.

"Abin da ke yoyon yana cikin nan. An ɗauraye shi a famfo, amma maganin ba ya fita da ɗauraya ɗaya. Mai shi ya ci gaba da ba shukarsa ruwa da shi, shukar ta mutu irin mutuwar ciyawar nan. In na buɗe, duk za ku gane na wane gida ne." Bai kalli kowa ba. "Wanda ya yi yana tsaye a nan. A ganina ba mugu ba ne. Amma in ya yi shiru har aka taɓa mutanen nan, ya zama."

Ya fara kwance igiyar. Ƙulli ɗaya ya warware.

"Bar shi a ɗaure, yallaɓai," in ji Malama. "Butar Iya ce."

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta matso tsakiya.

"Bayan rasuwar Iya likita ya ce zuciyar Baba ma ba ta da ƙarfi, ko yaushe za ta iya tsayawa. Kullum in na dawo daga makaranta sai in tsaya in auna hanyar nan da ido, in ga dai mota ba za ta wuce ba. Na je ofishinku da ƙafata. Na faɗa musu yadda aka ɗauko uwata a kan ƙyaure. Suka ba ni haƙuri, suka ce doka ce, sai itace ya mutu ake sarewa. Na ce to." Ta dubi Mai Sawu. "Kafin gari ya waye nake fitowa. Na ɗauka ganye kawai zai zube, ku zo ku duba ku ce ya mutu, ku sare. Ban san reshe na faɗowa haka ba. Wallahi ban sani ba."

Ta juya wajen Kafinta. "Yaya, ka yafe min. Tun safe na ji an kama ka. Na kasa buɗe baki."

Matar Kafinta ce ta fito daga bayansa, ta dubi Malama, sannan ta bi fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kin kasa buɗe baki," ta ce. "Su kuwa ba su sha wahalar buɗe nasu ba."

Da aka waiga, mai galan ya ɓace. Ciyaman ya fara wata magana a kan ƙungiya za ta gyara taga, Kafinta ya kama hannun matarsa suka wuce ta gabansa kamar ba da su yake ba.

*

Abin da ya biyo baya kowa a layin ya sani. Ofishin kula da itatuwa ya zo da injin yanka ya sauke maɗacin reshe-reshe, don yanzu kam ya zama haɗari. An tone saiwar, hanya ta buɗe. Kotu ta ci Malama tara, ta kuma ɗora mata dasa itatuwa a bakin makarantarsu da rainonsu har su kama ƙasa. Maganar rauni ba ta yi nisa ba, don mai raunin ya ƙi shigar da ƙara. Mai Sawu ya rubuta wa shugabanninsa cewa a riƙa duba hanyar motar asibiti da ta kashe gobara kafin a hana izini, aka ce masa za a tattauna. Kafinta ya jira matarsa ta haihu lafiya, sannan ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa. Bai yi sallama da kowa ba sai Tela.

Abin da ba su sani ba shi ne abin da ya faru a asibiti a yammacin ranar.

Kofur ya yarda a biya ta can kafin a wuce da Malama ofishin 'yan sanda. Suna isa ma'aikaciyar jinya ta ce tsohon ya farka, kuma 'yarsa yake ta nema. Kofur ya zauna a bencin waje. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

Baba Mai Agogo yana kwance, an naɗe masa kai, hannu ɗaya a ɗaure a ƙirji. Malama ta durƙusa a gefen gadon.

"Baba, akwai maganar da zan faɗa maka. Gara ka ji daga bakina."

"Ta itacen?" Muryarsa ƙasa-ƙasa take fita. "Na sani, uwata."

Ta ɗago kai. "Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Tsoho ba ya barcin asuba, ina jin ƙofa duk ranar da kika buɗe. Da furannin uwarki suka fara mutuwa sai na shinshina butar."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Na so in yi miki magana. Sai in tuna ke ce kika riƙe kanta a kan ƙyauren nan, sai in rasa ta inda zan fara."

"Amma Baba, gefenka ne ya bushe. Kana gani. Me ya sa ba ka matsar da teburinka ba?"

Ya rufe ido na ɗan lokaci, ya buɗe.

"Tun ba a haife ki ba nake zaune a wurin nan. In na ɗauke teburina rana ɗaya, duk layin zai ɗaga kai ya nemi dalili, daga nan su leƙa baya. Sai na ce gara in zauna."

Malama ta kifa fuskarta a gefen katifar. Tsohon ya lalubo kanta da hannunsa mai lafiya, ya ɗora a kai.

Mai Sawu ya ja ƙofar a hankali ya rufe. Kofur ya yunƙura zai tashi, yana tambayarsa da ido ko a tafi.

"Zauna tukuna," in ji Mai Sawu, ya zauna kusa da shi. "Ofishin ba inda za shi."